Martin de Porres: Wanzamin da Aka Zaga da Kare, Ya Buɗe wa Karnuka Gida

 A wannan mako, a filinmu na tarihin bayin Allah waɗanda suka riga mu barci, za mu kawo muku labarin wani ɗan'uwanmu baƙar fata wanda ya rayu a wata ƙasa mai nisa fiye da shekara 400 da suka wuce. Sunansa Martin de Porres. Ɗan ɗarikar Katolika ne, amma darasin da ke cikin rayuwarsa na kowane mai bi ne, ko a wace ikilisiya yake sujada.

Bari mu fara da abin da ya sa muka tuna da shi. A ranin da ya wuce, a wani ƙauye da muke zuwa koyar da masu shirin baftisma, mun iske yara sun kewaye wani rami da aka haƙa ƙasar gini, suna ta jifan wani ɗan kwikwiyo da ya faɗa ciki. Wata tsohuwa gwauruwa daga cikin 'yan zumuntar mata ta kore su, ta sa jikanta ya sauka ya ɗauko shi, ashe ƙafarsa ta baya ta karye. Ta ɗaure masa ita da kara da tsumma, ta riƙa ba shi jiƙaƙƙen ƙanzo da ragowar kunu. Da muka koma bayan wata 2, kare ya warke sai ɗan ɗingishi. Muka same shi kwance a ƙofar gida, yaron da ya fi kowa jifansa yana shafa masa kai, shi kuwa yana ta kaɗa wutsiya. A majami'ar ƙauyen nan kuwa akwai magidanta biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara 4 ke nan ba sa ga maciji da juna saboda iyakar gona, alhali kowace Lahadi suna karanta Addu'ar Ubangiji a ƙarƙashin rufi ɗaya. Tsohuwar ta ce mana a ganinta karen nan ya fi su karatu. Maganarta ce ta kai mu ga tarihin Martin, domin shi ma ya sha jifa irin ta baki, ya kuma shafe rayuwarsa yana tsintar karnukan da aka yasar.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Martin ran 9 ga watan Disamba na shekarar 1579 a birnin Lima, babban birnin ƙasar Peru, a nahiyar Amurka ta Kudu. A lokacin, Turawan Sifen ne ke mulkin ƙasar. Sun ci ta da yaƙi, shugabansu Francisco Pizarro ya kafa birnin Lima a shekarar 1535, suka danne 'yan asalin ƙasar, suka kuma riƙa shigo da bayi daga Afirka a cikin jiragen ruwa domin aikin gona da na gida. Mutum a birnin nan, launin fatarsa shi ke yanke masa matsayi: Bature a sama, ɗan ƙasa da baƙar fata a ƙasa, wanda kuwa aka haifa tsakanin Bature da baƙar fata ba shi da wurin tsayawa ko ta ina.

Martin irin na ƙarshen nan ne. Mahaifinsa, Juan de Porres, Bature ne mai muƙami daga Sifen. Mahaifiyarsa, Ana Velázquez, baƙar fata ce 'yar Panama, baiwa ce da aka 'yanta. Babu aure a tsakaninsu. Da aka kai jaririn baftisma a majami'ar San Sebastian, sai aka rubuta a littafi cewa ba a san ubansa ba, ga shi kuwa uban yana nan da ransa. Bayan shekara 2 aka haifi ƙanwarsa Juana, daga nan uban ya kama gabansa ya bar su. Ana ta riƙa yi wa mutane wankau tana ciyar da 'ya'yanta. Ana ba da labari cewa in ta aiki Martin kasuwa da 'yan kuɗin cefane, sau da yawa sai ya komo da kwando fayau, ya rabar wa mabarata a hanya, ya sha faɗa, gobe kuma ya sake.

Da yaron ya kai wajen shekara 8, uban ya dawo ya amsa cewa 'ya'yansa ne, ya tafi da su Guwayakil, wani birni da ke ƙasar Ekwado ta yanzu, ya sa aka koya musu karatu da rubutu. Ba a daɗe ba aka naɗa shi gwamnan Panama, sai ya mayar da Martin Lima. Duk wanda ya tashi a gidan da uba ya juya wa baya ya san irin miki da wannan yake bari a zuciya. Mutum na farko da ya zama dole Martin ya yafe wa a duniya shi ne wanda ya haife shi.

Daga wanzanci zuwa tsintsiya

Yana ɗan shekara 12 aka ba da shi koyon sana'a wurin wani wanzami. Wanzamin Lima na wancan zamani kusan ɗaya yake da namu na ƙasar Hausa: yana aski, yana fitar da jini kamar yadda namu suke yin ƙaho, yana cire haƙori, yana sakiya, yana ɗinke rauni, yana haɗa magunguna na ganye da saiwa. Martin ya ƙware ƙwarai, talakawa suka san shi da hannu mai sauƙi da rashin matsa wa mutum a kan kuɗi. Da dare kuwa yakan roƙi guntayen kyandir wurin matar gidan da yake zaune, ya kunna ya yi addu'a har dare ya raba.

Da ya cika shekara 15, sai ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar babban gidan zuhudu na ƙungiyar Dominikan a Lima, inda firistoci da 'yan'uwa kusan 300 suke zaune suna addu'a da karatu da wa'azi. Dokar zamanin ta hana baƙar fata da 'yan ƙasa zama cikakkun 'yan ƙungiya. Abin da aka yarda masa shi ne ya shiga a matsayin bara mai ba da kansa kyauta, ya yi aikin ƙarfi a bakin abinci da wurin kwana. Ya karɓa. Aka ba shi tsintsiya, da wankin bayan gida, da buga ƙararrawar asuba. Har yau in an zana hotonsa, da tsintsiya a hannu ake zana shi. An ce uban ya ji kunya da ya sami labari, ya so a ɗaga masa matsayi saboda sunan gidansu, Martin ya nuna shi aikinsa ya ishe shi. Sai bayan shekara 9, a 1603, shugaban gidan ya kau da kai daga dokar, ya bar shi ya ɗauki alkawarin zuhudu.

Daga baya aka danƙa masa ɗakin jinya na gidan, ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Shi ne wanzamin gida, shi ne mai jinya, shi ne mai ajiyar tufafi, shi ne kuma mai raba sadaka a ƙofa. Littattafan tarihinsa sun ce mutum wajen 160 suke cin abinci daga hannunsa kowace rana. Yakan je gonar ƙungiyar a Limatambo, inda bayi 'yan Afirka suke aiki, ya yi musu magani, ya yi noma tare da su. Kada mu ɓoye wannan gaskiya mai ɗaci: gidan da ake wa'azin Bishara a cikinsa shi ma yana da bayi a wancan zamani.

Zagin da ya sha

Ko a ƙasarmu, in ana so a ƙasƙantar da mutum matuƙa, da kare ake zaginsa. Haka yake a Lima. Waɗanda suka zauna da Martin sun ba da shaida bayan rasuwarsa cewa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, 'yan'uwansa na cikin gida sun kira shi kare, barbarar yanyawa, suna goranta masa haihuwarsa da launin fatarsa. Masu zagin nan ba mutanen kan titi ba ne. Mutane ne masu karatu, masu riƙe da Littafi, waɗanda yake wanke wa tufafi yana kwashe musu fo.

An ba da labarin wani firist da ciwon ƙafa ya kwantar, har ana shirin yanke ƙafar. Martin ya shigo ya yi wata 'yar magana ta raha don ya sanyaya masa rai, sai majinyacin ya harzuƙa, ya zazzaga masa wannan zagi. Martin ya fita bai ce uffan ba. Kashegari da safe ya dawo ɗauke da wani kwaɗon ganye da firist ɗin yake marmari tun da ya kwanta, ya tambaye shi ko fushin ya sauka, ya kama ƙafar ya ci gaba da jinyarta. Kunya ta rufe mutumin, ya nemi gafara. Shaidu sun ce ƙafar ta warke, ba a yanke ta ba.

Wata rana kuma bashi ya yi wa gidan katutu, shugaba ya ɗauki waɗansu kayayyaki masu daraja zai kai kasuwa. Martin ya bi shi da gudu ya ce a bar kayan, a sayar da shi a bawa a biya bashin. Shugaban ya yi hawaye, ya mayar da shi gida. Ba mu kawo wannan don mu yabi bauta ba, bauta mugunta ce a gaban Allah. Mun kawo shi ne don a ga cewa gidan da ake zaginsa a ciki, shi a zuciyarsa gidansu ne, nauyinsa kuma nauyinsa ne.

Akwai wani abin mamaki game da wannan zagi. Alamar ƙungiyar Dominikan kanta kare ce. Tun da can ana ba da labari cewa mahaifiyar Dominik, wanda ya kafa ƙungiyar har Paparoma ya amince da ita a 1216, ta yi mafarki tana da cikinsa cewa ta haifi kare riƙe da wuta a bakinsa, yana haskaka duniya. Sunan ƙungiyar ma a harshen Latin ya yi kama da kalmomin da ke nufin karnukan Ubangiji, wato masu gadin garke. Ashe masu zagin Martin suna ba shi sunan da ya kamata su yi fatan samu ne, ba su sani ba.

Asibitin karnuka da kyanwoyi

Titunan Lima cike suke da karnuka marasa gida, masu ƙazuwa, masu gyambo, waɗanda aka sara ko aka jefa. Martin in ya gamu da irinsu sai ya tsaya. Kayan aikin da yake ɗinke raunin mutum, da su yake ɗinke na kare, ya wanke, ya sa magani, ya shimfiɗa masa buzu. Da suka yi yawa a gidan zuhudu har 'yan'uwa suka fara gunaguni, sai ya roƙi ƙanwarsa Juana, wadda ta yi aure tana da gida mai fili, ta ba shi wuri. Gidanta ya zama mafakar karnuka da kyanwoyin da aka tsinto, kamar yadda ya zama masaukin marasa lafiyar da ba su da inda za su. An ce har ungulu da aka harba ta karye a ƙafa ya ɗaure mata, ya ciyar da ita sai da ta tashi. Shi kansa ba ya cin nama.

Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na tsohon karen ma'ajin gidan. Karen nan ya yi shekara 18 yana bin ubangidansa, yana gadi. Da ya tsufa, ƙazuwa ta kama shi, yana wari, sai ma'aji ya ba da umarni a kashe shi a yar. Aka rotsa masa kai da dutse. Martin ya gamu da masu jan sa za su yar, ya karɓe shi, ya kai shi ɗakinsa, ya wanke raunin ya ɗinke. Waɗanda suka ba da shaida sun ce karen ya riga ya mutu, Allah ya mayar masa da rai ta hannun Martin. Abin da muke so a lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. Martin, bara mai tsintsiya, ya tafi wurin ma'aji, babba a gidan, ya faɗa masa cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba cewa wannan ba sakayyar da ta dace da abokin shekara 18 ba ce. Mutumin da ba ya buɗe baki in an zage shi, ga shi ya buɗe baki saboda an zalunci kare.

Akwai kuma labarin ɓeraye da suka addabi ɗakin ajiyar kayan sujada suna cin tufafi. Aka kawo tarkuna, Martin ya nemi a dakata. An ce ya kama guda ya yi masa magana, ya ce su koma can ƙarshen lambu, shi kuwa zai riƙa kai musu abinci, suka koma, ya cika alkawari. Wata rana kuma wani ɗan'uwa ya leƙa ya ga karya da kyanwa suna cin abinci a kwano ɗaya a gaban Martin, sai ga ɓera ya leƙo daga rami, Martin ya kira shi, su uku suka ci tare ba wanda ya taɓa wani. Saboda haka ne ake zana kare da kyanwa da ɓera a gindin ƙafarsa. Mutanen Peru sun ɗauki wannan hoto a matsayin misalin ƙasarsu, inda Bature da ɗan ƙasa da baƙar fata suka ci daga hannun mutum ɗaya. Mai karanta Littafi Mai Tsarki kuwa zai tuna da annabcin Ishaya sura 11, inda aka nuna zamanin Almasihu da kyarkeci da ɗan rago suna zaune wuri ɗaya.

Kada wani ya zaci son dabbobi ya rage masa son mutane. Ya taɓa ɗauko wani tsohon mabaraci mai gyambo ya kwantar da shi a kan gadonsa. Wani ɗan'uwa ya yi masa faɗa saboda ƙazanta, ya amsa masa cewa sabulu zai wanke bargo, amma taurin zuciya ga matalauci ko hawaye ba ya wanke shi. Wata rana ya tsinci wani ɗan ƙasa an soke shi da wuƙa yana zubar da jini, ya shigar da shi ɗakinsa ko da yake shugaba ya hana shigo da majinyata daga waje. Da aka tsawata masa, ya nemi gafara, ya roƙi a koya masa, domin bai san biyayya ta sha gaban ƙauna ba. Daga ranar shugaban ya sakar masa mara. Da taimakon masu hali na birnin ya kafa gidan marayu da makaranta mai suna Santa Kurus, wato Gicciye Mai Tsarki, domin yaran da aka yasar a titi.

Rasuwarsa

A ƙarshen shekarar 1639 zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi. Ya yi barci cikin Ubangiji ran 3 ga Nuwamba, saura kaɗan ya cika shekara 60, 'yan'uwa suna kewaye da shi suna rera shaidar bangaskiya. Birnin Lima ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa. Wakilin Sarkin Sifen mai mulkin ƙasar duka da manyan shugabannin ikilisiya suna cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, makarar yaron nan da aka rubuta ba a san ubansa ba. A 1660 aka fara tattara shaidar waɗanda suka san shi, daga nan ne yawancin labaran nan suka zo mana. Paparoma Gregori na 16 ya sa shi cikin masu albarka a 1837, Paparoma Yohanna na 23 kuma ya sa shi cikin tsarkaka a Roma ran 6 ga Mayu 1962. Shi ne baƙar fata na farko daga nahiyar Amurka da aka yi wa haka. A wa'azinsa na ranar, Paparoma ya yabe shi da cewa yana nema wa masu laifi uzuri, yana kuma yafe cuta mafi ɗaci. Ana tunawa da shi kowace shekara ran 3 ga Nuwamba. Ƙungiyarsa ta iso Legas a 1951, daga baya aka ba ta aikin yankin Sakkwato, ta yi hidima a Gusau da Funtuwa da Malumfashi, nan kusa da mu ta yamma.

Abin da za mu ɗauka

Littafin Ayuba 12:7 ya ce a tambayi dabbobi za su koya mana. To, me kare zai koya wa mai bi? Kare ba ya ajiye lissafi. In ka kore shi da safe, da yamma zai tarye ka a bakin hanya. Ba ya jira sai ka zo ka ba shi haƙuri kafin ya yi maka gadi. Mu kuwa muna riƙe da littafin bashi a zuciya: wane bai zo jana'izar babana ba, wance ta yi da ni a rijiya, wane ya ci mini kunya biyu a gona shekara 10 da suka wuce. Da Bitrus ya tambayi Ubangiji sau nawa zai yafe, amsar da aka ba shi a Matiyu 18 tana nufin ya yar da littafin lissafin gaba ɗaya. A misalin mai arziki da Li'azaru a Luka 16 ma, karnuka ne suka kusanci matalaucin nan da ke ƙofa, mai gidan bai ko dube shi ba.

Amma dole mu faɗi iyakar wannan misali. Kare yana komawa ne bisa ga halittarsa, bai san zunubi ba, bai san gicciye ba. Mutum yana tunawa, yana jin zafi, yana da ikon ramawa, saboda haka gafararsa zaɓi ce, tana kuma da tsada. Martin ya ji zafin zagin nan sarai. Abin da ya sa ya iya dawowa da kwanon abinci kashegari shi ne daren da yake shafewa a durƙushe gaban Wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara. Kare ya nuna masa siffar abin, ƙarfin yi kuwa daga Almasihu ya zo.

Haka kuma gafara ba ta hana faɗin gaskiya. Mun ga yadda Martin ya tsaya gaban ma'aji. Saboda haka kada wani ya ɗauki wannan tarihi ya ce wa matar da mijinta yake duka ta koma ta yi shiru kamar kare, ko ya ce wa maraya ya bar gonar ubansa ga wanda ya ƙwace. Aikin dattawan ikilisiya ne su tsawata wa mai zalunci, su kare wanda aka cuta, a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda aka cuta kuwa, abin da ake nema gare shi shi ne ya sauke nufin ramuwa, ya bar ƙofa a buɗe. Ko karen tsohuwar nan sai da ya yi makonni yana ɓuya in ya ga yara kafin ya saki jiki. Zuciyar mutum ma tana bukatar lokaci, mai haƙuri kuwa shi ke dafa dutse.

Da yawa daga cikinmu a wannan yanki mun san ɗacin suna da ake laƙaba wa mutum don a rena shi, a kasuwa ko a makaranta, wani lokaci ma a cikin dangi. Martin ya nuna mana cewa zagi ba ya canja sunan da Allah ya kira mutum da shi ranar baftisma. Ya ci gaba da yi wa masu zaginsa aski da jinya har bakinsu ya mutu.

Game da dabbobin kansu, Karin Magana 12:10 ta nuna cewa ana gane adali ta yadda yake kula da ran dabbarsa. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da labarin wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, don haka wannan magana ce da za mu iya haɗuwa a kanta. Karen da ya yi mana gadi, ya bi mu farauta, kada mu yar da shi ranar tsufansa. Jakin da ya kai mana taki gona kada mu ɗora masa kaya a kan gyambo. Mu hana yaranmu jifan dabba don wasa, gama hannun da ya saba da jifan kwikwiyo ba zai ji nauyin jifan mutum ba. Wanda kuma ya tsinci kare zai riƙe, ya kai shi wurin malaman dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Wa da ƙanen nan da muka ambata da farko, har yanzu muna zirga-zirga a tsakaninsu tare da dattawa, muna roƙonku ku sa su a addu'a. Mun kuma san kusan kowace majami'a tana da irinsu. Ubangiji ya koya mana a Matiyu 5:23-24 cewa wanda ya kawo baiko ya tuna akwai wata a tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya fara zuwa su shirya tukuna. To, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, ka tuna da mutum ɗaya da ka daina gaisarwa, ka taka ka je ƙofar gidansa ka yi sallama. In ya amsa, a gode wa Allah. In bai amsa ba, ka koma wani mako.

Allah wanda ya gafarta mana a cikin Almasihu, ya ba mu zuciya mai tausayi ga mutum da dabba, ya warkar da gidajenmu da ikilisiyoyinmu. Amin.